Surukin da Ya Ci Kwalata a Tashar Magariya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Surukina ya rasu ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan tabarmarsa yana gyaran fitilar wata maƙwabciya. Kafin la'asar an kai shi. Kwana biyu na yi a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin ta'aziyya mai ban haushi irin wannan ba.

Duk wanda ya zo sai ya durƙusa, ya yi addu'a, a shafa, sannan ya juyo gare ni ya rage murya. "Kai kam ka yi haƙuri da tsohon nan." Mai shayin tasha ya faɗa. Tsofaffin direbobin da ya sha fitarwa daga wahala sun faɗa. Ƙanen marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya, ya riƙe hannuna yana cewa, "Ka san yayana, zuciya gare shi, kada ka riƙe shi." Goggon matata ta leƙo daga zaure ta ce da wani ne ba ni ba, da tuni an sako musu 'yarsu. Baffana kuwa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni kuma nake tuƙa motarsa, ya zauna a kujerar da aka kawo masa ya ɓare goro ya ce, "Allah ya jiƙansa. Gwani ne, amma a kan allura ɗaya ya kashe kasuwarsa da hannunsa."

Mutum ya yi shekara arba'in yana ta da matattun motoci tsakanin Magariya da Bande da Dungas, a ce abin da za a tuna shi da shi rana ɗaya ce tak. Ranar ma ba su san yadda take ba. Ni na sani, don kwalata aka ci. Sunan bawan Allah nan ya ɓaci shekara huɗu ke nan, abin da zai wanke shi kuma yana bakina. Na yi lekol, makarantar boko, aji huɗu kafin in gudu, hannuna ba kyau, amma yau sai na rubuta.

Bari in fara da shi kansa, tun da masu gaisuwa ba su ga dama ba. Gajere ne, baƙi, yatsansa na tsakiya a hannun hagu saura rabi, fanka ta ci sauran tun zamanin Nasara, lokacin da ake jigilar gyaɗa. Garejinsa ba gini ba ne, inuwar tsamiya ce a bayan tasha, da rami ɗaya da akwatin ƙarfe. Yakan ɗanɗana baƙin mai da harshe ya gaya maka ko ruwa ya shiga. Yakan kafa sanda a jikin inji, ya manna kunne a ɗaya ƙarshen, ya rufe ido, in ka yi tari a lokacin ka shiga uku. Zafin ransa ba zan ɓoye ba. Ya taɓa jifan akuyar liman da sifana don ta cinye kwalin da ya wuni yana yanka wa wani inji, ta yi ɗingishi, sannan ya kwana bakwai yana kai mata dusa da kansa.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne mota mai matattun agoguna, masu allurar nan da ke gaban direba. Direbobinmu in agogo ya mutu sai su liƙa masa hoto ko su rataya laya a kai, a ci gaba da tafiya. Shi kuwa sai ya ce, "Mota marar agogo jariri ne a bayan kurma. Yana ta tsala kuka, uwar tana ta tafiyarta." Agogon gudu ne kaɗai bai dame shi ba. Ya ce gudu kowa yana jinsa a mazaunansa.

'Yarsa ta fari na aura. Sunanta ma ba ya kira, balle nawa. In na hango shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. To ga shi makanike, ga ni direba, dole aiki ya haɗa mu. Sai ya samo dabara: motar yake yi wa magana. Yana ƙarƙashinta zai ce, "Ke, gaya wa direbanki ya taka totur." In taka. "Ke, ce masa ya isa, ba tsere muke ba." In ɗaga ƙafa. Ni ma in ina da magana sai in gaya wa sitiyari. Shekara shida muna haka, 'yan tasha suna dariya, mu ko a jikinmu.

A shekara ta biyu ta babban fari, wadda shanu suka ƙare, injin kamiyon baffa, motarsa ta ɗaukar kaya, ya buga. Tsohuwar motar Faransa ce mai shan isansi, wato fetur. Baffa ya tsallaka iyaka wajen dangin uwarsa, ya sayo injin gazuwal, wato dizal, ƙirar Ingila, wanda aka ciro daga wata babbar mota da ta yi haɗari. An wanke shi fes, an shafa masa fenti kore. Baffa ya tara abokan fataucinsa yana bubbuga shi da tafin hannu. "Wannan ba a taɓa sa masa sifana ba. Yadda Bature ya ɗaure shi haka yake."

Surukina ya zaga injin sau biyu ya ce, "Alhaji, bari in sauke kaskon mai in ga cikinsa kafin a ɗora."

"A'a, malam. Buɗe inji shi ke kashe inji. Ku makanikai in ba ku ga hanjin abu ba hankalinku ba ya kwanciya. Ɗora mini shi yadda yake."

"Na ji. Amma ba za ta bar gindin tsamiyar nan ba sai agogunanta sun yi magana."

Baffa ya yi dariya ya ce ya yarda, don bai san abin da ya yarda da shi ba.

Kwana tara aka yi ana ɗora injin. Aka yanka ƙarfe, aka ƙera masa sababbin ƙafafu, aka haɗa shi da tsohuwar giya. Ran na tara ya tashi da bugu ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe tsamiya, mutane suka yi tafi. Surukina bai ko ɗaga kai ba, ya hau gaba ya zauna yana kallon allon agoguna. Uku ne suka dame shi: na cajin batir, na zafin ruwa, da na ƙarfin baƙin mai. Biyu suna kwance ba motsi, na caji kuwa baya yake yi, in an taka totur sai allurar ta nuna wuta tana ƙarewa. Ya yi tsaki ya ce wa motar, "Mutanen tsallaken iyaka sun gyara hannun da suke bi a hanya, ba su gyara hannun wuta ba." Ya juya wayoyi biyu, allura ta koma daidai. Wannan ko shayi bai huce ba aka gama.

Sauran biyun su ne aiki. Kowannensu yana da siririn bututu na jan ƙarfe da ake ɗaurawa a wani rami a jikin inji. To haƙoran ramin na Ingila ne, haƙoran bakin bututun na Faransa, ba su san juna ba. In ka tilasta sai ka cinye su duka. Abin da zai shiga tsakani ya haɗa su, ba a sayar da shi a Magariya, ba a sayar da shi a Damagaram. Ya tafi rumfar masu awon gyaɗa, inda sikeli ke rataye ba abin aunawa, ya roƙo duwatsun awo biyu na tagulla. Ya huda ɗaya, ya goge shi da zarto. Ya ɗauki ƙusar tsohon injin ya yi mata tsagi uku, ya kai maƙera aka gasa ta aka tsoma a ruwa, da ita ya yanka haƙoran Faransa a cikin tagullar. Ya yi wa notin sabon injin haka, ya yanka haƙoran Ingila a waje. Kwana biyu a kan abin da bai kai babban yatsa ba.

Bai ɗaura ba tukuna. Ya ɗora butar shayi a kan gawayi, ya tsoma bakin bututun a ciki, ya zauna yana kallon allura tana hawa. Da ruwa ya tafasa ta tsaya a kan ɗari cif. Ya ce, "Ke, gaya wa direbanki wannan ba ya ƙarya." Ranar na ga haƙoransa, abin da ban saba gani ba.

Saura na baƙin mai. A nan haƙurin baffa ya ƙare. An kawo jar dawar taimako an jibge a Magariya, ana neman motocin da za su kai ta ƙauyukan Dungas da Mallawa, baffa ya sami lodi, ga kuma mutane sun taru suna jiran su hau bisa buhuna su koma gida. Ya kira ni zaurensa.

"Injin yana tashi ko ba ya tashi?"

"Yana tashi, Baffa."

"Allura ce ke jan mota?"

"A'a."

"To gobe da safe ka kawo ta tasha. Ko kunyar surukin naka ta fi maganata?"

Ba zan iya zuwa in ce wa suruki ya yi sauri ba, ba zan iya ce wa wanda ya riƙe ni a'a ba. Sai na yi abin da matsoraci ke yi. Na bari ya tafi maƙera da safe gasa ƙaramar ƙusa, na toshe ramin man da guntun ƙarfe, na ta da mota na kai tasha. Aka yi lodi. Mata da tsofaffi da yara suka hau sama, sun fi talatin, kowa da ƙullinsa. Na zauna a gaba na sa hannu a giya.

Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, a tsakiyar tasha. Na ɗauka wani ne. Na juyo sai ga shi a guje, tsoho da shi, ba hula, ƙusar tana hannunsa. Ya taka matakala, ya fizge ƙofa, ya zare makulli, ya damƙi kwalar rigata ya jawo ni ƙasa. Na faɗi a kan gwiwa. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi.

"Wa ya ba ka? Mutum talatin za ka kai cikin rairayi da injin da ba ka san cikinsa ba? In ya tsaya a inda babu rijiya, uban wa zai shayar da su?"

Wata tsohuwa a bisa lodi ta ce, "Yau ga abin kunya, suruki da suruki." Baffa ya iso yana huci, ya ce motarsa ce, a ba shi makullinsa. Surukina ya jefa makullin a aljihu, ya je ya zauna a ƙasa a gaban tayar gaba, ya miƙe ƙafa. Ya ce wanda zai tafi da ita sai ya bi ta kansa. Liman ya zo, dattawa suka zo, bai motsa ba. Ƙarshenta aka sauke lodin aka ba wata mota, baffa ya rasa jigilar dawar baki ɗaya, tamu kuwa ta koma gindin tsamiya.

Wannan shi ne abin da gari ya gani. Ga abin da bai gani ba.

Washegari da azahar ya gama ƙaramar tagullar ya ɗaura. Ba kowa a gindin tsamiya, an ƙaurace masa, daga shi sai ni, ni ma don baffa ya aiko ni in karɓo mota ne. Ya koma yadda yake a da, bai kalle ni ba. "Ke, ce masa ya tayar." Na tayar. Allurar mai ta hau ta tsaya a tsakiya. Zuciyata ta ce, ka gani, duk tozarcin nan a banza. Ya ce a bar shi ya yi zafi. Muka jira har agogon ruwa ya ɗaga. "Ke, ce masa ya taka sosai, kamar yana cikin rairayi da kaya." Na taka. Ina kallo allurar ta yi rawa, ta sauko, ta kwanta a ƙasa kamar ba a haɗa ta ba.

Ya kashe injin da hannunsa. Bai nemi izinin kowa ba, ya shiga rami ya sauke kaskon. Man da ya zubo ba na inji ba ne, mai kauri ne na giya, an zuba don a rufe ƙara. Ƙasan kaskon laka ce da yashi, kaurin yatsa biyu. Ashe motar da aka ciro shi daga cikinta rafi ta faɗa. Rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe, saura ɗan rami kamar ƙwayar wake. Ni direba ne, ba sai an yi mini bayani ba. Injin nan ba zai kai mu rabin hanyar Dungas ba.

Ya wanke komai da gazuwal, ya sa rariyar tsohon injin, ya zuba man kirki. Aka sake tayarwa, allura ta hau ta zauna daram, da zafi da sanyi. Sannan ya naɗe toshasshiyar rariyar a tsumma ya ajiye a kan kujerar direba. "Ke, gaya masa ya kai wa baffansa. Shi ne ɗansa, daga bakinsa zai fi daɗin ji. In ni na kai, za a ce gori ne."

Na ɗauka na nufi gidan baffa, Allah ne shaidata da niyyar nunawa na tafi. Na tarar da zaure cike. Ina shiga aka hau yi mini sannu. Wannan ya ce an ci mutuncina, wancan ya ce ni ɗan halak ne da ban ɗaga hannu ba, baffa ya jawo ni kusa da shi ya ce a kawo mini fura. Tun da nake ba a taɓa zaunar da ni a tabarmar manya ba sai ranar. Tsumman yana cikin aljihuna yana ɓata mini riga. In na fito da shi, baffa ya zama wanda aka cuta da fenti kore, ni na zama ɓarawon mota da ya kusa kashe mutane, tsohon ya zama mai gaskiya. Na sha furar. Da na fito na jefa rariyar a kududdufin bayan kasuwa.

Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zama shekara huɗu.

Baffa ya janye aikinsa, abokansa suka bi shi. Aka ce tsohon ya fara taɓuwa, wa zai kai mota inda za a riƙe ta a kan allura? Ramin gindin tsamiya ya cika da shara. Mutumin da ke jin ciwon inji da sanda ya koma gyaran fitila da kekuna da injin taliya. Bai taɓa buɗe baki ba. Shi ma ina jin haushinsa a kan wannan, don da ya fito tasha ya tona ni, da an wuce wurin tuntuni.

Bai kuma daina duba motar ba. In na ajiye ta na tafi cin tuwo, in dawo sai in ga an goge gilashin agogunan, ko an naɗa guntun roba a inda bututun ke gogar ƙarfe. Mai shayi ya ce mini, "Surukinka ya zo yana shafa motarka, ka yi hankali da shi." Wata rana a hanyar Mallawa, da fasinja cike, allurar zafi ta haura, na tsaya na tarar bel ɗin fanka ya tsinke. Da agogon a mace yake da sai dai in ji ƙauri. Na dawo gida lafiya, na wuce ta ƙofarsa na durƙusa daga nesa kamar kullum, na ce ina wuni, ya ce lafiya.

Yau da safe aka yi sadakar uku. An gama karatu, an raba waina, sai liman ya gyara murya. Ya ce marigayi mutum ne mai sallah, mai amana, amma ɗan Adam ajizi ne, kuma haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ya ce akwai wanda kowa ya san an taɓa shi a bainar jama'a, ga shi nan zaune, ana roƙonsa ya sauke wa mamaci wannan nauyi.

Duk aka juyo. Tasha kaf tana wurin, ga dama ta zo har gabana. Na buɗe baki. Baffa ya taɓa gwiwata da yatsa ya ce a hankali, "Yi magana mana, ɗana, ana jiranka."

Na ce, "Na yafe."

Aka ɗauki madalla. Wani ya ce Allah ya ba mu zuciya irin tawa.

Na shiga cikin gida in gai da mata. Matata tana zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarta, ta ji komai ta bisa katanga. Ta bari na durƙusa, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ashe ka yafe masa."

Ta ci gaba.

"Ni na wanke rigar da ya shiga rami da ita ranar. Na ga lakar, na tambaye shi, ya gaya mini. Na ce zan faɗa wa gari, ya hana ni. Ya ce mutumin gidanku ba mugu ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa, zai faɗa da bakinsa, a ba shi lokaci. Duk Sallah in na kai masa abinci sai ya tambaye ni ko ka ce wani abu. Sallar layyar nan da ta wuce bai tambaya ba."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa aikin hannunsa ya tsaya masa. Kalmar da na faɗa a gaban liman na janye ta, duk wanda ya karanta wannan ya zama shaida, ba ni da abin yafewa. Wanda zai yafe mini kuwa mun rufe shi ranar Talata, da hannuna na zuba ƙasar.